Daga Nafkin Zuwa Famfas: Tarihin Abin Da Ake Ɗaura Wa Jariri

Yau tarihi zan taɓo mana, amma ba na sarakuna da yaƙe-yaƙe ba. Tarihin abin da ake ɗaura wa jariri a ƙugu ne. Kar ku yi dariya tukuna. Yayyenmu sun fara haihuwa, sa'o'inmu ma wasu sun fara, kuma a gidajen suna yanzu akwai wata gardama da ta ƙi ƙarewa. Mai jego ta ce ita nafkin na wanki za ta yi wa ɗanta, kaka ta riƙe baki ta ce, wahalar da muka gudo ita za ki koma wa? Kowaccensu tana da gaskiyarta, sai dai kafin a raba gardamar ya kamata a san inda abin ya samo asali.

Mu fara da sunan. Famfas da muke cewa sunan kayan kamfani ɗaya ne, wato Pampers, muka mai da shi sunan kowane iri, kamar yadda duk garin sabulu ya zama omo, duk ɗanɗanon miya ya zama magi. Nafkin kuma daga Turanci ya zo, tushensu ɗaya da kalmar da Turawan Ingila suke kiran abin da ita. Tamu ta asali ita ce ƙunzugu. Shi famfas ɗin a 1961 ya shiga kasuwa, ke nan yawancin kakanninmu sun girme shi.

To kafin nan yaya ake yi? Ya danganta da inda mutum yake. Mutanen ƙasashen sanyi dole su naɗe jariri, in an naɗe shi kuwa dole a sa abin da zai tsotse fitsari. 'Yan asalin arewacin Kanada irin su Kiri, da Samawa na arewacin Turai, wani busasshen gansakuka mai shan ruwa suke shimfiɗa wa jariri, in ya ɓaci a zubar a sa sabo. Kun ga ke nan ƙunzugun da ake yarwa ya daɗe a duniya, leda ce sabuwa. A Turai kuwa ƙyallaye ake sa wa a naɗe yaro tamau kamar ƙunshi. A ƙasashen zafi irin namu babu wannan larura. Yaro yana goye a baya, jikinsa a jikin uwarsa, da ya fara mutsu-mutsu ta san me yake nufi. Sai ta sauke shi, ta miƙe ƙafafu ta ɗora shi a kai, ya yi abin da zai yi, a wanke masa, a zuba ƙasa ko toka a kwashe. In an yi rashin sa'a ya riga ta, tsumma da zani ne za su sha wanki. Har malaman fiƙihun Malikiyya sun san da wannan hali, shi ya sa suka yi wa mai shayarwa rangwame a kan abin da ya taɓa tufarta na fitsarin jariri, muddin tana iya ƙoƙarinta wajen kiyayewa.

Wannan dabara Turawa sai da suka zo suka yi bincike a kanta kafin su yarda. A 1977 wasu masu bincike biyu, Marten da Rachel deVries, suka buga sakamakon zaman da suka yi cikin ƙabilar Digo ta bakin tekun Kenya a wata mujallar likitocin yara ta Amurka. Sun tarar iyaye mata suna fara koya wa jariri tun yana ɗan makonni, a ɗora shi a ƙafa ana yi masa wani sauti, kuma kafin ya cika wata biyar zuwa shida ya daina ɓata jiki dare da rana. Da za a karanta wa kakata wannan bincike cewa za ta yi, to sai me?

Shi kuma nafkin fari mai kama da tawul, wanda iyayenmu suke ɗauka shi ne na gargajiya, ɗan Ingila ne. Abu biyu suka haɗu suka haife shi. Na farko fil mai murfi, wanda wani Ba'amurke mai suna Walter Hunt ya ƙirƙiro a 1849. Bashin dala 15 ake bin sa, ya zauna yana lanƙwasa waya har abin ya fito, ya sayar da haƙƙin mallakarsa dala 400, ya biya bashinsa, wasu suka ci arzikin. Na biyu yadin tawul. Wani Bature, Henry Christy, ya ga irin wannan saƙa a Istanbul, ya kawo samfurinta gida, masaƙar danginsa da ke kusa da Manchesta ta fara yin ta da inji wajen 1850. Da yadi mai shan ruwa ya yi araha, ga fil da ba ya soke yaro, sai nafkin mai kusurwa huɗu ya zama ruwan dare a gidajen Ingila. Daga baya aka ƙara masa wandon roba don kar ya jiƙa shimfiɗa. Mu kuma ya iso mana a zamanin Turawa, ta asibitocin haihuwa da kantuna da gidajen ma'aikata, har ya zama ba a haɗa kayan haihuwa sai da dozin ɗinsa.

Abin da hotunan talla ba sa nunawa shi ne aikin. Jariri sabon haihuwa zai iya ɓata nafkin 10 a yini. Kowanne sai an kankare kashin, a jiƙa a bokiti, a tafasa, a cuɗa da hannu, a ɗauraye, a matse, a shanya. A Kano rana za ta busar da shi kafin ki gama girki, ta kuma cinye tabon. A Glasgo cikin hunturu fa? Sai dai a rataya a gaban murhu, gida ya cika da tururi da zarni. Kuma duk wannan a wuyan mace yake. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da matan Amurka suka shiga masana'antu suka maye gurbin mazan da suka tafi fagen daga, sai kamfanonin wankin nafkin suka bunƙasa. Mota za ta zo ƙofar gida ta kwashi mai datti ta ajiye wankakke. Mai hali ne kawai ke iya biya.

Ba abin mamaki ba ne da mata ne suka fara neman mafita. A Ingila akwai Valerie Hunter Gordon, matar wani hafsan soja. A 1947, wajen haihuwarta ta uku, ta gaji da wanki, ta nemi abin yarwa a kasuwa ta rasa. Sai ta samo tsohon yadin lemar saukar sojoji daga jirgi, wanda ya rage bayan yaƙi, ta ɗinka ɗan wando mai maɓalli, a ciki ta sa ƙunshin takarda mai laushi da auduga a sama. Wandon a goge a sake amfani da shi, ƙunshin a yar. Matan sauran sojoji suka gani suka ce su ma, ta ɗinka ɗaruruwa da kekenta a teburin kicin. Ta sa masa suna Paddi, kamfanin Robinson na garin Chesterfield ya karɓa a 1949, shagunan Boots suka fara sayarwa a 1950. A daidai wannan lokaci a Amurka wata mai suna Marion Donovan ta yanka labulen banɗaki ta ɗinka wandon da ake sa wa a kan nafkin, mai maɓalli maimakon fil, daga baya ita ma ta koma yadin lema. A 1949 aka fara sayar da shi a wani babban kanti a Niyok, a 1951 ta sayar da haƙƙinta dala miliyan 1. Amma da ta kai wa manyan kamfanonin takarda shawarar a yi na takarda zalla wanda za a yar gaba ɗaya, ba wanda ya saurare ta. Masu yanke hukunci a kamfanonin maza ne, ba su taɓa tsugunawa gaban bokiti ba, saboda haka ba su ga matsalar da za a warware ba.

Sai da wankin ya faɗo kan namiji. Victor Mills injiniyan haɗa sinadarai ne a kamfanin Procter & Gamble, aka bar masa jikansa, ya ɗanɗana canjin nafkin, ya koma ofis ya sa yaransa aiki a 1956. Gwajin farko da suka yi a Dallas ta jihar Texas bai yi kyau ba, don da zafi aka yi shi, ledar ta sa yara ƙuraje. Suka sake zubi. A 1961 aka fitar da Pampers a garin Peoria na jihar Illinois a kan senti 10 kowane ɗaya. Iyaye suka yaba, amma suka ƙi saye, wai ya yi tsada. Kamfanin ya shafe shekaru yana gyaran injuna har farashin ya sauko senti 6, daga nan kasuwa ta buɗe. Wannan wurin ya kamata a lura da shi. Ba kyan abin ne ya sa ya ci duniya ba, saukar kuɗinsa ne. Famfas na farko ma da fil ake ɗaura shi, kauri gare shi kamar matashi, yana kuma yoyo. Manne ya zo a farkon shekarun 1970, Huggies na kamfanin Kimberly-Clark ya shigo a ƙarshensu da roba a cinya. Babban canjin shi ne garin nan mai shan ruwa, wanda in ka yaga jiƙaƙƙen famfas za ka gan shi kamar dafaffen sitaci. Yana shanye ruwan da ya ninka nauyinsa sau da yawa ya riƙe. Japanawa ne suka fara sa shi a ƙunzugun yara a farkon shekarun 1980, Amurka ta biyo a tsakiyarsu. Daga nan famfas ya sirance, yaro ya kwana a bushe, nafkin ya kusa ɓacewa daga gidajen Turawa. Iyayenmu da suka zo karatu ko aiki a shekarun 1980 da 1990 wannan duniyar suka tarar. Mace ta baro dangi, babu uwa babu ƙanwa babu mai taya ta wankan jego balle wankin kashi, ga sanyi, ga ɗaki ɗaya. Wallahi duk wanda ya ga laifinta don ta rungumi famfas bai san abin da yake faɗa ba.

Murnar ba ta daɗe ba aka fara maganar shara. A 1987 wani jirgin ruwan dakon shara mai suna Mobro ya taso daga Niyok da tan sama da 3,000, ya yi ta yawo watanni yana neman inda zai sauke. Karolina ta Arewa ta ƙi, Luwiziyana ta ƙi, Meziko da Beliz suka kore shi, ƙarshe ya dawo gida aka ƙone sharar a Buruklin. Kullum yana talabijin. Amurkawa suka tsorata cewa juji ya kusa ƙare musu, aka nemi wanda za a ɗora wa laifi, famfas ya fi kowa dacewa tunda kowa ya san ƙazantarsa. Majalisun jihohi da dama suka fara muhawarar sa masa haraji ko hana shi, kasuwar masu wankin nafkin ta farfaɗo wajen 1990. Sai aka shiga yaƙin bincike. Procter & Gamble ya biya aka yi nazari a 1990, sakamako ya nuna nafkin yana cin ruwa da wuta. Ƙungiyar masu wankin nafkin ta biya aka yi nata a 1991, ya nuna famfas ne mai ɓarna. Kowa da malaminsa. Wanda ya fi burge ni a wannan rikici shi ne William Rathje na Jami'ar Arizona, masanin tono kayan tarihi da ya bar kufai ya koma tonon juji. Shi da ɗalibansa suka haƙa, suka ware, suka auna, suka tarar famfas bai kai kashi 2 cikin 100 na abin da ke cikin jujin ba, takarda ce ta fi cika shi. Sun kuma tono jaridun da suka shekara gommai da har yanzu ana iya karanta su, wato a cikin juji kusan ba abin da ke ruɓewa. Af, maganar nan da ake yawan yi wai famfas sai ya shekara 500 kafin ya narke, kirdado ne. Abin duka-duka shekarunsa sittin da 'yan kai.

A nan Ingila gwamnati ce ta shiga tsakani. Hukumar kula da muhalli ta fitar da rahoto a 2005 ta ce babu wani bambancin a zo a gani tsakanin biyun, masu rajin nafkin suka yi ca. Aka sabunta shi a 2008. A lissafinsu yaro yana cin famfas kusan 3,800 a shekara biyu da rabi, kuma hayaƙin ɗumamar yanayi da hakan ke jawowa ya kai kilo 550, na nafkin kuma kilo 570. Sai dai a cikin rahoton akwai abin da ya fi wannan muhimmanci. In aka cika injin wanki, aka shanya a igiya, aka kuma ajiye nafkin ɗin ƙani ya gada, adadin zai ragu da kashi 40 cikin 100. In kuwa aka wanke da ruwa mai zafin digiri 90 aka busar da inji, zai ƙaru da kashi 75. Ashe hukuncin yana hannun mai wanki. A 2023 ma'aikatar muhalli ta sake sabon nazari, wannan karon nafkin ya zo ƙasa da famfas da kusan kashi 25 cikin 100 a hayaƙi, saboda injunan wanki sun inganta kuma wutar lantarkin ƙasar ta rage dogaro da kwal. Amma a cikin ma'aunai 18 da aka duba, nafkin ya fi ɓarna a 11, galibi saboda ruwa da wuta da sabulun wanki. Masu sayar da nafkin ba sa son ambaton wannan rabin.

Akwai wani ɓangare da duk waɗannan rahotanni suka tsallake, don sun ɗauka dole yaro ya shekara biyu da rabi a ƙunzugu. Wa ya ce? A tsakiyar ƙarnin da ya wuce yawancin yaran Amurka kafin shekara biyu sun saba da fo, don uwar da ke wanki da hannu ba ta da dalilin jan lokaci. A 1962, shekara guda bayan fitowar Pampers, wani sanannen likitan yara, T. Berry Brazelton, ya kawo ra'ayin a ƙyale yaro sai ya nuna ya shirya da kansa. Yana da hujjarsa, don a da ana tsananta wa yara har da duka. To amma a 1998 shi wannan likita ya fito a tallan Pampers na sabon babban lamba, na yaran da suka yi wayo. Ni ban ce sayen sa aka yi ba, ra'ayinsa ya riga tallan da shekara 36. Na dai ce ra'ayin ya yi wa kamfani daɗi, don kowane wata da aka ƙara kuɗi ne. Shi kansa famfas na zamani yana taimakawa, tunda yaron da bai ji jiƙa ba ba abin da zai dame shi. Sai ga shi a farkon shekarun 2000 wasu iyaye a Amurka da Kanada sun fara rubuta littattafai da buɗe ajujuwa a kan yadda za a lura da alamun jariri a tara shi ya yi fitsari ba ƙunzugu. Abin da Digo suke yi, abin da kakanninmu suke yi, an sa masa sunan Turanci ana biyan kuɗin koyo.

Yadda ake koya wa al'umma buƙatar famfas an gan shi ƙarara a Sin. Can wando mai tsage a tsakiya ake sa wa yara, yaro ya tsuguna kawai. Procter & Gamble ya shiga da Pampers a 1998 da wani mai araha mara laushi, aka ƙi saye. Ya gyara kayan, sannan a 2007 ya canza salon talla. Ya daina cewa uwa za ta huta, ya koma cewa jariri zai fi samun barci, barci kuma yana gina ƙwaƙwalwa. Wace uwa ce za ta ji haka ta ƙi? Cikin 'yan shekaru Sin ta zama ɗaya daga manyan kasuwannin famfas na duniya.

To ni ina na tsaya? In akwai injin wanki a gida, da wurin shanya, kuma ana sa ran ƙanne, nafkin ya fi, a aljihu da kuma a shara. Na yanzu ba irin na iyayenmu ba ne. Tun ƙarshen shekarun 1990 ake ɗinka shi da siffar famfas, da maɓalli ko manne, ba fil ba tafasawa, wanki a digiri 60 ya wadatar. Tsadarsa a farko take, a zuba kuɗi lokaci guda, shi ya sa wasu ƙananan hukumomin London suke ba masu jego takardar rangwamen saye, don su ma kwashe sharar kuɗi yake ci musu. Amma wadda take hawa na goma a ɗaki ɗaya, mai kai wanki shago, ga aiki ga karatu, lissafinta daban ne, kuma ba ta bin kowa bayani. Sharaɗin da na fi damuwa da shi shi ne wa zai yi wankin. Duk tarihin nan, daga Valerie zuwa Marion, labarin mata ne da aka bar su su kaɗai da bokiti. Samarinmu masu zuwa gidan suna suna kawo hujjar muhalli da alƙaluma, madalla, amma wanda ya kawo shawarar nafkin ya san inda maɓallin injin wanki yake, ya kuma san ana kankare kashi kafin a zuba.

A gida Najeriya kuwa tattalin arziki ne yake raba gardamar. Procter & Gamble ya buɗe katafariyar masana'anta ta kusan dala miliyan 300 a Agbara ta jihar Ogun a 2017, ya dakatar da ita a 2018, sannan a Disambar 2023 ya sanar da daina ƙera kaya a ƙasar, sai dai shigowa da su, saboda faɗuwar naira da ƙarancin dala. Kimberly-Clark mai Huggies ya buɗe tasa a Ikorodu a 2022, ya tattara a 2024. Molfix na wani kamfanin Turkiyya da sauran masu araha suka cike gurbin. A unguwannin da motar shara ba ta shiga, wanda aka yar a kwata yake ƙarewa, damina ta zo ya toshe magudana, awaki da kaji su yi ta tona shi. Mata da yawa ɗaiɗai suke saye a kantin unguwa, su adana shi don dare da zuwa asibiti da biki, da rana kuma nafkin ko tsohon zani, yaro yana fara zama a ɗora shi a fo.